Zan je Ankara biki da kuɗin sari a jikina, ku ba ni shawara

Maman Sadiƙu, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin mutanen Accra, Ankara dai kamar yadda muka taso muka ji iyayenmu suna faɗa.

Ni tela ce, shagona yana Aboabo nan Kumasi, shekara 19 ke nan ina ɗinkin mata. Tsakiyar watan Yuni za a aurar da 'yar yayata a Nima, a kai amarya Madina. Rabona da Ankara tun 2004, kuma lokacin tare da maigidana muka je, shi ne gaba ina biye, ko sunan tasha ɗaya ban riƙe ba. Yau shekara 3 da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Wannan karon daga ni sai ɗana Sadiƙu mai shekara 16, shi kuwa bai taɓa wuce Konongo ba.

Abin da ya hana ni barci kuɗi ne. Na kwashi adashi, sannan wasu masu biki a unguwarmu da suka ji zan je sun ba ni kuɗin yayinsu, wato kayan biki iri ɗaya, in saro musu leshi da mayafai a kasuwar Makola. Gaba ɗaya sidi 11,000 ne, kuma fiye da rabi ba nawa ba ne. In wani abu ya same su ban san da bakin da zan yi wa matan nan bayani ba.

Maƙwabciyata ta je bara. Tana zaune bakin taga a trotro, motar haya, wajen Circle, babbar mahaɗar motocin Ankara, tana waya da 'yarta, hannu kawai ta gani, waya ta tafi. Har yau in tana ba da labarin sai ta dafe kunnenta, don har ɗan kunne aka haɗa aka fizge. Tun da na ji wannan gabana ke faɗuwa.

Niyyata in bi motar dare in isa da asuba, don kada in rufe shago wuni guda a banza. Daidai ne? Kuɗin in ɗaure su a ƙugu ko in zuba a MoMo, asusun kuɗi na waya? Daga inda mota ke sauke mutane a Circle yaya ake zuwa Nima? Yayata ta ce in kira ta in na sauka, amma na san hidimar da ke kanta, uwar amarya ce, ba na so in ƙara mata nauyi. Na fi so in kai kaina har ƙofar gida. Shi kuma yaron ya tara 'yan kuɗinsa, wai sai ya sayi waya a Circle, kuma sai ya ga teku da idonsa.

Wanda ya san gari ya taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Baba Direba, Asawase

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigida, ya sa albarka a auren yarinya.

Shekara 22 na yi ina jan babbar mota a hanyar nan kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni, don haka ki ji wannan daga bakina: maganar motar dare ki bar ta. Tare hanya ana yi jefi-jefi, ban musa ba, amma abin da na fi gani da idona haɗari ne. Tafiyar wajen kilomita 250 ce, kuma wurare da yawa hannu ɗaya ne, mai zuwa da mai komowa suna goga kafaɗa. Da dare ne tireloli ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Tema za su Burkina da Mali da Nijar. Wata ta lalace a kan kwana, ba fitila, sai ganye da aka yayyafa a titi. Direban da gyangyaɗi ya fara ɗauka ba zai ga ganye ba. Na taɓa kwana a bakin hanya kusa da Nkawkaw muna ciro mutane daga cikin wata ƙaramar bas da ta shige ƙarƙashin irin wannan tirela, kuma ba na so in ƙara faɗin abin da na gani a daren.

Ko da kin isa lafiya, ƙarfe 3 na dare ne zai same ki a Circle da kaya da yaro, ba ki san gabas ba, ba ki san yamma ba. Wuni guda na shago bai kai wannan ba.

Ki yi sallar asuba ki nufi Asafo, ki shiga babbar bas irin su VIP ko STC. Ƙananan nan masu tsere da juna don su yi sawu biyu a rana ki ƙyale su ko da sun fi saurin cika. In kun tashi ƙarfe 6, da azahar kina Ankara, sai dai in cunkoson Nsawam zuwa Ofankor ya riƙe ku. Daga Nsawam mutane ke fara sauka, Pokuase, Achimota, ko'ina ana buɗe but. Duk inda aka buɗe, Sadiƙu ya leƙa ta taga ya ga ba a haɗa da jakarku ba. Yawanci ba sata ba ce, jakunkunan ne iri ɗaya. Ki ɗaura ƙyalle mai launi a hannun taku, ai ƙyalle ba ya yi wa tela wuya. Inda aka tsaya cin abinci ki sauka da jakar hannunki, kuma abin sha daga hannun wanda ba ki sani ba ki ce kin gode.

Circle zuwa Nima ba nisa, in hanya ta buɗe bai wuce minti 15 ba. Da kaya kada ki nemi trotro. Tun kina cikin tasha ki kira mota ta waya, Bolt ko Uber ko Yango, ki duba lambar motar ta yi daidai da ta cikin waya kafin ki buɗe ƙofa. In tasi ce ku gama ciniki kina tsaye a waje, kuma wadda kika tarar da maza biyu zaune a baya ki bar ta ta wuce.

Abu ɗaya da ke rikita mutanenmu: a can in yaron mota yana kiran "Accra, Accra", tsakiyar gari yake nufi, wajen Makola da Tudu da Tema Station. In ya karkaɗa yatsa yana zagaye, Circle za shi.

Hajiya Mai Waake, Nima

Maman Sadiƙu sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki yaron.

Sau biyu na karanta zancenki, wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai, inda kika ce ba kya son ƙara wa yayarki nauyi. 'Yar uwa, wannan kunyar ki ninke ta ki ajiye a Aboabo, in kin koma kya ɗauka. A Nima aka yanke mini cibiya, a nan nake sayar da waake, shinkafa da wake, shekara 30, kuma yawancin baƙin da na ga sun sha wuya a garin nan masu kunya ne, waɗanda suka ce bari su kai kansu.

Shekarar da ta wuce wata yarinya daga arewa ta zo ta zauna a bencina ana kiran magariba, jakarta a cinya, ta rungume ta da hannu biyu. Na zuba mata abinci ta kasa ci. Sai da na matsa mata ta fashe da kuka. Wayarta ta mutu tun a hanya, lambar goggonta tana ciki, ita kuwa ba ta haddace ba. Abin da ta sani kawai "gidan Alhaji kusa da masallaci". A Nima! Kowane lungu da masallacinsa, kowane gida da Alhajinsa. Tun la'asar take yawo, har wani saurayi ya ce ta biyo shi ya san gidan, Allah ya sa jikinta bai ba ta ba. Sai da muka kai ta wurin sarkin ƙabilarsu, aka yi ta aike, bayan isha'i aka gano goggon. Ita kuma goggon ko labarin zuwanta ba ta da shi, wai yarinyar ba ta so ta dame ta.

Lungunan Nima ba su da allon suna, wani ma mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkata. Taswirar waya bakin titi za ta kai ki ta bar ki. Gidan biki kuwa ba a rasa samari masu zaman jiran aike. Ki kira yayarki yau, ki faɗa mata rana da motar da za ki shiga, ta turo wanda zai tsaya miki a cikin tasha. Ki rubuta lambarta da ta wanda zai zo a takarda biyu, ɗaya a jakarki, ɗaya a aljihun yaron.

Maganar kasuwa. Ke da kika saba kutsawa kasuwar Kejetia ba wanda zai koya miki riƙon jaka, kuma Tonancin da kike ji, yaren Asante, zai yi miki ciniki a Makola ba tare da tafinta ba. Bambancin shi ne a Kejetia in kika ɗaga murya za a sami mai cewa "ai telar Aboabo ce". A Makola ba wanda ya san ki. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen yankin Ankara sun haura miliyan 5, kuma rabinsu kamar a Makola suke wuni. Don haka ki tafi da 'yar gari, kuma ki yi zuwa biyu. Ranar farko hannu rabbana, ki zaga Makola da Okaishie da Zongo Lane, ki taɓa kaya, ki ji farashi, ki karɓi lambar shagon da ya kwanta miki. Rana ta biyu ki je kai tsaye ki biya ki ɗauka. Mai kuɗi a jiki tana yawon neman kaya ana gane ta daga nesa, don hannunta ba ya barin wurin da ta ɓoye su.

Masu tare ki su ce "Hajiya zo in kai ki inda ya fi araha", 'yan kamasho ne, mai sauƙinsu ke nan. Akwai wanda zai yar da ƙunshi a gabanki kamar kuɗi, wani ya tsinta ya ce ku koma gefe ku raba. Akwai mai shigar malamai da carbi, zai yi miki sallama da Hausa tsantsa, ya ce ya ga wani abu na bin ki, ki kawo abin da ke jikinki ya tofa masa addu'a. Wannan na ƙarshen ya fi cin matanmu, don da ya ambaci Allah sai jiki ya yi sanyi. Ki amsa sallama kina tafiya, kada ƙafarki ta tsaya.

In kaya sun haɗu, mai shagon ta kira miki kayayo, 'yar dako, wadda ta sani. Ki bi bayanta, kada ki shiga gabanta, kuma don Allah ki biya ta da kyau. 'Ya'yanmu ne daga arewa, wata ba ta girmi Sadiƙu ba, da goyo a baya take ɗaukar dilar da namiji zai yi nishi a ƙarƙashinta.

Yanzu abin da ya fi duk waɗannan, tunda kin ce Yuni za ki zo. Ruwa.

Ranar Laraba 3 ga Yunin 2015 na je Kaneshie barka, 'yata ta haihu. Da yamma ruwa ya sauko, ya ƙi tsayawa. Ni kuwa hankalina yana kan tukunya, don ƙarfe 3 na dare nake ɗora waake. Na yafa mayafi zan fita, surukina ya tsaya a bakin ƙofa ya ce "Mma, yau ba inda za ki." Na yi fushi sosai, na kwana ban yi masa magana ba. Motar da zan shiga ta Circle za ta bi. A daren nan ruwa ya cika Circle, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya malalo ya hau kan ruwa, wuta ta kama. Sama da mutum 150 suka rasu, har gwamnati ta sa makokin kwana 3. Da safe da ƙafa na ratsa wurin. Taɓo har ƙauri, motoci wata kan wata, warin fetur da ƙauri ya cika ko'ina. Abin da ya kasa fita daga idona silifa ne, ɗaruruwa, ruwa ya tara su a jikin wata katanga, har da na yara. A lungunmu ma mun yi zaman makoki. Daga ranar ban ƙara musu da mai hana ni fita cikin ruwa ba.

Dalilin shi ne wuraren nan kwari ne. Kogin Odaw ya biyo ta Alajo ya ratsa Circle kafin ya faɗa tafkin Korle, gotar Nima ma can take zubawa, ga yashi da shara sun cushe hanyar. In aka yi awa 2 ana ruwa mai ƙarfi, Circle da Alajo da Adabraka da Kaneshie First Light sai yadda Allah ya yi. In kina kasuwa kika ga hadari ya haɗu, ko ki kama hanya tun bai sauko ba, ko ki hau bene ki zauna har ya ɗauke ya janye, ko da za ki kai dare. Kada ki taka ruwan da ba kya ganin ƙasansa, gotocinmu da yawa a buɗe suke, ruwa na rufe su sai ki ɗauka titi ne. Kada ki fake a gidan mai. Direban da ya ce zai ratsa, ki ce ya sauke ki. Lambar gaggawa 112 ce, yaron ma ya haddace.

In kin samu Juma'a a nan, ki sa a raka ki babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Daga Nima da ƙafa ake zuwa. Ki tafi da leda ki sa takalminki a ciki.

Ɗan Circle

Mama ina wuni. Ni gyaran waya nake yi a Circle shekara 8, bari in yi magana a kan abin da na sani.

Ƙanena Sadiƙu ya yi haƙuri, kada ya sayi waya a hannun mai tsaye a bakin titi, ko da rabin kuɗi aka ce masa. Yadda ake yi: a nuna maka waya mai kyau, ka kunna, ka duba, ku daidaita. Sai a ce 'yan sanda na zuwa, a karɓa a sa a kwali a naɗe, a miƙo maka ka ba da kuɗi. Ka isa gida ka buɗe ka tarar da sabulu ko guntun tayil. Kusan kowane mako sai wani ya zo teburina da irin wannan kwalin yana tambaya ko na san mai jar riga. Wata kuma wayar gaske ce amma ta sata, ran da aka bi sawunta a hannunka za a same ta. In dole sai ya saya, a shiga shago mai ƙofa a Tip Toe Lane tare da ɗan gari, a karɓi rasit, a danna *#06# a ga lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali. Gaskiya ma abin da zai samu a nan zai samu a Adum can Kumasi.

Ke ma Mama ki danna lambar nan a wayarki ki rubuta abin da ya fito ki bar shi a gida. In waya ta ɓata shi za a tambaye ki.

Kuɗi kuwa kada ki ɗaure 11,000 a ƙugu. Ki raba: mafi yawa a banki, wani a MoMo, ɗan na mota da abinci a hannu. Masu manyan shaguna a Makola suna karɓar MoMo, kuma harajin E-Levy na tura kuɗi ta waya an soke shi tun Afrilun 2025. Sai dai kowane asusu yana da iyakar abin da zai riƙe da abin da zai fitar a rana, ki je ofishin layinki a Kumasi ki tambayi naki tun yanzu, kada sai kina gaban mai leshi. In za ki tura, ki karanta sunan da ya fito da ƙarfi mai shagon ta ce nata ne, sannan ki sa lambar sirri, kina kare wayar da tafin hannu.

'Yan damfara ba sa bukatar ganinki. Saƙo zai shigo kamar an turo miki kuɗi, sai kira ya biyo, wani yana roƙo har da kuka wai kuskure ya yi ki mayar masa. Kada ki duba saƙon, ki duba asusunki da kanki, za ki ga ba abin da ya shigo. Wani zai ce daga kamfanin layi yake, za a rufe miki asusu sai kin danna kaza. Kashe wayar kawai. Ma'aikacin gaske ba ya tambayar lambar sirri. In kuma kika ga waya na neman ki amince da cire kuɗi alhali ba kya gaban mai MoMo, ki ƙi.

Ki zo da Ghana Card ɗinki, katin shaidar ɗan ƙasa, banki ba za su saurare ki ba sai da shi, haka in layi ya ɓata. Amma kada ya zauna jaka ɗaya da waya.

Abin da ya sami maƙwabciyarki aikin 'yan kwashe ne. Cunkoso suke jira, mota ta tsaya, gilas a buɗe. A trotro wayarki ta zauna cikin jaka, jakar a cinya ta ɓangaren da ba taga ba. In kira ya shigo ya jira ki sauka.

Malam Abu, Madina

Hajiya, ranar kai amarya daga Nima za ku bi ta wajen asibitin sojoji na 37, ku wuce Legon da Atomic Junction ku sauka Zongo Junction. Roƙona ɗaya: titin Madina zuwa Adenta babban titi ne, motoci gudu suke kamar ba gari ba. Ki hau gadar tsallakawa ko da za ki ƙara tafiya, ko da kin ga 'yan biki suna ratsawa a guje da manyan kaya. Gadojin nan da jini aka same su. An bar su ba a gama ba mutane suna ta mutuwa, sai da mota ta kashe wata ɗaliba a Nuwamban 2018 jama'a suka tare titin suka ƙona tayoyi, sannan aka kammala. Ina koyarwa kusa da wurin, ina gani kullum. Haka Lapaz in hanya ta kai ki. Okada kuma ki bar wa waɗanda suka saba.

Ni a ganina ma da kin sami masauki a nan Madina ya fi miki kwanciyar hankali. Nima da dare sai a hankali, kowa ya ga abin da samari suka yi a bakin gota a Janairun 2022, da adduna har da harbi da rana tsaka.

Hajiya Mai Waake, Nima

Malam Abu, maganar gada gaskiya ce, Allah ya saka. Amma ta masauki ban yarda ba. Abin da ya faru a 2022 ya faru, mu muka fi kowa jin ciwonsa, ranar da wuri na kwashe tukwanena. Rikicin ƙungiyoyi biyu ne na samari, ba baƙi suke nema ba. Yanzu ka ce matar nan ta bar gidan yayarta, inda kowa zai san ƙanwar uwar amarya ce, ta je ta kwana inda ba wanda ya san sunanta? A cikin lungu, da an ce baƙuwar gidan wance ce, samarin da ke zaune suna shan ataya su za su karɓi kayanta su kai mata har ɗaki.

Inda zan ja mata kunne bakin babban titi ne bayan ƙarfe 10, musamman inda fitila ta mutu, nan masu babur ke fizgar jaka, kuma wannan a Madina ma haka ne. Sai yaron: kada ya ga sa'o'insa ya bi su majalisa shi kaɗai. Duk inda za shi, da ɗan gidan.

Maman Sadiƙu, Aboabo

Jama'a na gode, Allah ya biya ku da gidan aljanna. Hajiya, labarin silifan nan ya sa ni hawaye, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Jiya bayan isha'i na kira yayata na faɗa mata yadda na so in yi. Shiru ta yi, sannan ta ce "ashe har kin mai da ni bare?" Wallahi sai da na ba ta haƙuri. Ɗanta na biyu zai tsaya mana a tasha ranar Alhamis, ya ma turo hotonsa don rabona da shi yana rarrafe. Akwai ƙanwar mijinta mai shago a Makola, ita za ta shiga da ni Litinin mu duba, Talata mu saya, Laraba mu juyo da motar safe.

Baba Direba, na fasa ta dare. Yau da safe na kai 8,000 banki, saura na zuba a MoMo, sidi 400 kawai zan riƙe. Na faɗa wa masu yayi inda kuɗinsu suke don hankalinsu ya kwanta. Ɗana na Circle, Sadiƙu ya karanta naka da kansa, ya yi shiru, daga baya ya ce zai bari sai mun dawo mu je Adum.

Saura teku, ba wanda ya ce komai a kai. Yaron nan ko a rafi bai taɓa iyo ba, kuma tun rasuwar babansa ban ga ya ɗoki wani abu kamar wannan ba. Ba na so in hana shi.

Baba Direba, Asawase

Kada ki hana shi ƙanwata, a kai shi ya gani. Labadi ta fi kusa da ku, ana biyan kuɗin shiga. Ku je da safe a ranar aiki, ba Lahadi da yamma ba lokacin da wurin ke cika har ba ka gane naka. Ɗan yayarki ya raka ku.

Amma ki gaya masa tun a gida: tekun Ankara ba tafki ba ne. Igiyar in ta zo ta koma, yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka take janyewa, kana tsaye sai ka ji ƙasa ta gudu. A damina kuma ta fi ƙarfi. Na taɓa kai yaran motata biyu, ɗaya ya shiga iya cinya yana dariya, igiya ɗaya ta kayar da shi, sai da masunta suka riƙo rigarsa. Sadiƙu ya tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, fuskarsa na kallon teku kada ya ba shi baya, takalmi a hannu. Ke kuma ki riƙe wayar ki ɗauke shi hoto daga kan yashi.